Rumbun wuta: abin da mutuwar batirin lakwal ɗinmu ta koya mini

Ranar da na fi jin kunya tun da na fara koyarwa ita ce wata Asabar ta watan Mayun 2023. Mun taru da iyayen yara ƙarƙashin dogon yaron da ke tsakiyar filin lakwal, saura ƴan makonni a yi jarrabawar BEPC, ga shi kuma ajin da yara ke karatun dare cikinsa ya koma duhu. Batirin da iyayen suka yi karo-karo suka saya ya mutu. Ni ne malamin fizik da shimi na wannan kolej da ke gefen garin Maraɗi, ni na kawo shawarar, ni kuma na yi lissafin a kan allo har aka tafa mini.

Wata uwa mai sayar da ƙuli-ƙuli, wadda na san dala ɗarin da ta bayar ba ta zo mata da sauƙi ba, ta miƙe ta ce: "Mushe, ba ku ne kuka ce mana rana ba ta ƙarewa ba? To ga rana nan tana ƙona mu, ina wutar?"

Na ce: "Inna, kina da gaskiya." Daga nan na rasa abin da zan ƙara.

Ga yadda abin ya kasance. Lakwal ɗinmu ba ta da layin wuta, kuma yawancin ɗalibanmu daga gidajen da babu lantarki suke fitowa. Wannan ba abin mamaki ba ne a ƙasar da kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke samun wutar lantarki. A farkon 2022 muka sayi farantan sola biyu, da na'urar daidaita caji, da batir ɗaya irin na dalma mai bolt 12 da ampa-awa 200. Idan ka ninka su, yana ɗaukar wat-awa 2,400. Irin wannan batir ba a so a sha fiye da rabinsa, ke nan muna da wat-awa 1,200 kowane dare. Ƙwai shida ne za mu kunna, kowane wat 10, na tsawon awa 4: wat-awa 240. Kashi ɗaya cikin biyar na abin da muke da shi. Lissafin bai da aibu ko kaɗan.

Abin da ban saka cikin lissafin ba shi ne mutane da yanayi. Kafin wata biyu, wayoyin malamai da na maƙwabta sun yi layi a kan tebur. Da bazara ta shigo aka jona fanka, aka ƙara ta biyu, suna kwana suna juyawa. Da hunturu ƙura ta lulluɓe farantan, babu wanda aka ɗora wa aikin gogewa, don haka cajin bai cika ba da rana. Na'urar daidaita caji ta riƙa yanke wuta idan batirin ya yi ƙasa, wanda shi ne aikinta, sai wani daga cikinmu ya ga tana damun mutane, ya tsallake ta ya ɗaura waya kai tsaye a kan batirin. Ni kuma da hannuna na ajiye shi cikin ɗakin ajiya mai rufin kwano, don kada a sace. Ina koya wa yara cewa zafi na gaggauta aikin sinadarai, amma na manta cewa batirin dalma, duk ƙarin digiri 10 ko kusa da haka sama da digiri 25, rabin rayuwarsa yake ci. Kowa ya san yadda ɗakin kwano yake a Maraɗi cikin watan Afrilu. Abin da ya kamata ya yi shekara 4 ko 5 bai cika wata 16 ba.

Wani dattijo manomi ne ya fitar da ni a wannan taro. Ya ce: "Mushe, ni ban yi lakwal ba, amma yadda ka yi bayani, abin nan rumbu ne. Rumbu ba ya haihuwar hatsi. Abin da ka zuba shi za ka ɗiba, gara ma ta ci nata. In kuwa kowa na gida yana sa hannu ba tare da an auna ba, ba za a kai damina ba." Aka yi dariya, hankali ya kwanta. Ni kuwa tun ranar ban sami bayanin da ya fi nasa ba.

Wata uku bayan haka, a farkon Agustan 2023, Najeriya ta tsayar da wutar da take turo wa Nijar, cikin takunkumin da CEDEAO ta sanya bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. A lokacin, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da ƙasar ke sha daga can take zuwa. Sai a watan Maris na 2024 ta dawo, bayan an ɗage takunkumin a ƙarshen Fabrairu. Cikin waɗannan watanni, a kowace fada da ɗakin malamai magana ɗaya nake ji: da irin ranar da Allah ya hore mana, me ya hana a shimfiɗa sola, a kawo manyan batura irin na ƙasashen waje, mu huta gaba ɗaya? Da yake ni ne malamin fizik, ni ake juyowa a kalla. Dole na koma na yi karatu, kuma abin da na gano shi ne matsalolin babban batir na ƙasa su ne matsalolin ƙaramin batirinmu, sai dai girma.

Na farko, girman rumbun. Batir yana da awo biyu da ake yawan rikitawa: ƙarfin da zai iya fitarwa a lokaci guda, wato megawat, da yawan abin da ke cikinsa, wato megawat-awa. Na farko faɗin bakin rumbu ne, na biyu zurfinsa. A 2017 jihar Kudancin Ostireliya ta kafa batirin Hornsdale, bayan wata guguwa ta jefa jihar duka cikin duhu a Satumbar 2016. Kamfanin Tesla ya haɗa shi, kuma a lokacin shi ne mafi girma a duniya cikin irinsa: megawat 100, megawat-awa 129. Ya ninka namu fiye da sau dubu 50. Amma idan ya buɗe bakinsa duka, awa ɗaya da ƴan mintuna zai yi ya ƙare. A Kenhardt ta Afirka ta Kudu an ƙaddamar da wani a ƙarshen 2023, mai megawat 225 da megawat-awa 1,140, tare da sola mai megawat 540. Shi ma kimanin awa 5 ne. Ke nan batir zai iya ɗauko wutar azahar ya kawo ta bayan magariba, lokacin da yara ke karatu, wannan kuwa babban amfani ne. Amma babu batirin da zai cike giɓin wata 7. Kuma ko a tsakanin zubawa da ɗiba, kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na wutar yana salwanta ta hanyar zafi. Garar da dattijon ya ambata ke nan.

Na biyu ya fi wuyar bayani, amma duk wanda ya taɓa ganin mata suna lugude zai gane. Mata uku ko huɗu a kan turmi ɗaya, kowace taɓarya na sauka a lokacinta. In ɗaya ta yi gaggawa ko ta yi jinkiri, taɓare su yi karo, daka ya tsaya. Haka layin wuta yake. Wutar da ke cikinsa tana kai da komowa sau 50 cikin daƙiƙa ɗaya, kuma dole kowane inji da ke jone da layin ya bi wannan kiɗa. Abin da ake samarwa da abin da ake sha dole su yi daidai kowane lokaci. In sha ya fi samarwa, kiɗan ya yi ƙasa da 50, in ya yi ƙasa sosai injuna su cire kansu don kada su lalace, ƙasa ta faɗa duhu. Manyan injuna masu juyawa, irin na madatsar ruwan Kainji ko na tashar gas-wal ta Goru Banda, suna da nauyi, kuma nauyin juyawarsu na riƙe kiɗan na ƴan daƙiƙoƙi idan wani abu ya faru. Farantin sola ba shi da abin da ke juyawa. Yawancin na'urorin da ke juya wutarsa zuwa ta layi bin kiɗa kawai suka iya, ba su iya kafa shi ba. Ga kuma gajimare ko guguwar ƙura da kan rage wutar tashar sola cikin ƴan mintuna.

A nan batir ya fi kowa amfani, domin yana amsawa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, alhali injin gurup sai ya ɗauki mintuna kafin ya tashi ya kama aiki. Hornsdale ma da wannan aiki ya yi suna. Sai dai kafin batir ya yi hakan a kan layi mai rauni kuma mai tsawo irin namu, yana buƙatar na'urar juya wuta ta musamman wadda za ta iya kafa kiɗan da kanta, da layukan sadarwa, da cibiyar da ke ganin halin layin kowane lokaci tana ba shi umarni. Sannan a yanke shawara: wane kaso na batirin za a ajiye don gaggawa, wane kaso za a sha da dare? Abin da aka sha da dare ba ya nan lokacin gaggawa. Wannan ita ce rigimar da muka yi tsakanin ƙwai da fanka, kuma mun ga abin da ya faru da aka tsallake mai tsaron ƙofa.

Na uku, inda za a kafa rumbun. Layin wutar ƙasarmu ba guda ɗaya ba ne. Yankin kogi, wato Yamai da Doso da Tilaberi, yana samun wuta ta layin kilobolt 132 da ya taso daga Birnin Kebbi tun shekarun 1970. Mu a Maraɗi da Damagaram da Tawa namu layin daga Katsina ya shigo ta Gazawa. Agadas da Arlit sun dogara da tashar gawayi ta Cirozerin, Difa kuma tana nata ɓangaren. Tashar sola ta Goru Banda mai megawat 30 da ta fara aiki a 2023, tana yankin kogi. Ta Malbaza mai megawat 7, ta 2018, ita ce a namu yankin. Komai girman batirin da aka kafa a Yamai, muddin babu babban layi tsakaninmu, ba zai kunna ƙwai ɗaya a Tasawa ba. Rumbun da ke wani gari, sai da hanya da jaki. Jan layi na ɗaruruwan kilomita kuwa yakan fi kafa batir ɗaukar lokaci, domin batir cikin kwantena yake zuwa, a dasa shi cikin watanni.

Akwai tsarin haɗa layukan ƙasashen Afirka ta Yamma, WAPP, da aka kafa a 1999, mai mazauni a Kwatano, wanda ya ƙunshi ƙasashe 14. Ƙarƙashinsa ne aka ƙaddamar a 2022 da aikin layin kilobolt 330 daga Birnin Kebbi zuwa Yamai zuwa Wagadugu, da reshe zuwa Malanbil ta Benin, kusan kilomita 900. A Yunin 2021 kuma Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 465 don wani shiri na yankin, wanda ya haɗa da kafa manyan batura a Kodibuwa da Mali da Nijar domin su taimaka wa layin haɗin gwiwa ya tsaya daidai. Tunanin yana da kyau: turmi mai mata da yawa ya fi jure wa gajiyar mace ɗaya. Amma yana zuwa da tambayoyi. Idan batirin da ke Nijar ya ceci kiɗan layin da Burkina Faso da Benin ke sha, wa zai biya shi ladan wannan aiki? Idan dangantakar gwamnatoci ta yi tsami, wa ke ba shi umarni? Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga CEDEAO a Janairun 2025, amma wayoyin na nan a miƙe, kuma wuta ba ta tsayawa a kan iyaka a duba mata takarda. Sai an zauna an rubuta ƙa'idojin da za su rayu ko da siyasa ta juya.

Na huɗu, zafi. Manyan baturan yau na lithiyom ne, kuma sun fi son zama kusa da digiri 25. Mu kuwa a bazara muna wuce 40 a inuwa. Saboda haka kowace kwantena tana da na'urar sanyaya ta, wadda ita ma daga wutar take ci, ga ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska. In sanyayawa ta tsaya, batir ya tsufa da wuri. In abin ya yi muni, ɗan batir guda ya yi zafi ya kunna na kusa da shi, wutar kuma tana da wuyar kashewa. A Janairun 2025 gobara ta tashi a tashar batura ta Moss Landing a Kalifoniya ta Amurka, har aka kwashe mutane fiye da 1,000 daga gidajensu. Koriya ta Kudu ta ga irin wannan gobara fiye da 20 tsakanin 2017 da 2019. Akwai nau'in lithiyom mai ƙarfe da fosfat, da ake kira LFP, wanda ya fi jure zafi kuma ya fi wuyar kamawa da wuta, shi ne aka fi kafawa yanzu. Duk da haka ana buƙatar tazara tsakanin kwantenoni, da nisa daga gidaje, da ƴan kwana-kwana da aka horar kan wannan irin gobara.

Na biyar, kuɗi. Gaskiya ne farashin baturan lithiyom ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 daga 2010 zuwa yau, shi ya sa ma ake wannan magana. Amma da kuɗin waje ake sayensu, a biya gaba ɗaya tun farko, kuma ƙarfinsu na raguwa kowace shekara, har bayan shekara 10 zuwa 15 a buƙaci ƙari ko canji. Mu a lakwal mun tara kuɗin saye, ba mu ajiye ko dala na canji ba. Ƙasa ma tana iya yin wannan kuskure: a ci bashi a kafa, a yanke ƙyalle, ranar da ya gaji a tarar babu asusun maye gurbinsa, bashin kuma bai ƙare ba.

Akwai kuma gawar batir, wadda ta fi shafar iyaye kai tsaye. Da namu ya mutu, wasu yara suka nemi in ba su su fasa su sayar da dalmar. Na hana. A unguwar Thiaroye-sur-Mer ta Dakar, tsakanin 2007 da 2008, yara 18 suka rasu saboda gubar dalma daga tsofaffin baturan da ake fasawa ana narkarwa cikin gidaje. Dalma ko kaɗan ce tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma ba ta nuna alama da wuri. Yanzu da sola ta shiga ƙauyuka, matattun batura na taruwa a bayan ɗakuna. Don Allah kada a bar yaro ya yi wasa da su, kada a zubar da ruwansu a tsakar gida, a mayar wa mai sayarwa.

Kada wani ya ɗauka ina kashe wa mutane gwiwa. Ina cikin masu son a kawo manyan baturan nan, domin duk megawat-awa da aka adana daga rana gas-wal ne da ba a ƙona ba, kuma ƙasa mai rana irin tamu bai kamata ta kwana cikin duhu ba. Wannan buri ma ba sabo ba ne. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya yi shekaru yana jagorantar ofishin binciken makamashin rana na ONERSOL tun lokacin da duniya ba ta ɗauki abin da muhimmanci ba. Shi ne kuma ya rubuta littafi kan ilimi a Afirka a 1964. Mutum ɗaya ya riƙe rana da makaranta tare, kuma ina ganin ya san dalili. Kwantena za a iya sauke ta daga jirgi, amma wanda zai karanta awonta kullum, ya gane ta fara ciwo, ya gyara na'urar sanyi da tsakar dare cikin watan Mayu, sai an rene shi a aji. In babu shi, duk ƙaramar matsala sai an jira wani ya taso daga wata ƙasa.

Saboda haka, ƴan uwana malamai, darasin bambancin kilowat da kilowat-awa kada mu wuce shi da gudu don a ƙare manhaja. Mu kawo takardar kuɗin wuta ko batirin waya cikin aji, yara su yi lissafi da abin da suka sani. Iyaye kuma, idan yaro, mace ko namiji, ya nuna son lissafi da haɗa waya, kada a ce masa aikin hannu na wanda ya kasa ne. Ga lise teknik ta Ɗan Kasawa da jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a nan Maraɗi, ga EMIG a Yamai. Kuma duk ranar da aka zo aka ce za a kafa mana babban batir, mu yi murna, sannan mu yi tambaya irin ta waccan uwa: awa nawa zai riƙe, wane layi zai ciyar, wa zai kula da shi, ina kuɗin canjinsa, ina za a kai gawarsa?

Mu dai mun sake karo-karo a farkon shekarar karatu ta gaba. Wannan karon rabin kuɗin daga aljihun malamai ya fito, tunda wayoyinmu da fankarmu sun ci nasu rabo. Sabon batirin yana cikin ɗakin ƙasa mai iska, an ɗora shi kan katako. Akwai ƙaramin asusu da ake zuba wani abu duk wata. Ba a jona komai sai ƙwai shida, kuma makullin na hannun kwamitin iyaye. Ɗalibai biyu ne ke goge farantan duk safiya, su rubuta awon bolt safe da yamma cikin wani littafi. Ɗaya daga cikinsu ɗiyar mai ƙuli-ƙulin nan ce, ƙanwar yaron da ya yi jarrabawarsa waccan shekara da fitilar hannu. Kwanan baya ta kawo mini littafin ta nuna mini cewa awon safe ya ragu kwana uku a jere, ta ce tana zargin wata waya ta saki. Muka je muka duba, haka ne kuwa.

Allah ya yi wa yaranmu albarka, ya haskaka mana gidajenmu da makarantunmu.